Na koma ESP32 daga Arduino Uno, allon ya ƙone: yaya ake haɗa kayan 5V da na 3.3V?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina haɗa na'urar da za ta riƙa auna ruwan tanki tana kunna injin tura ruwa da kanta. Da ƙaramin allon sarrafawa Arduino Uno na fara, komai yana tafiya daidai: sensa HC-SR04, allon rubutu LCD mai waya huɗu, da rile guda ɗaya, wato makunnin da sigina ke kunnawa da kashewa. Sai malamin da ke duba aikina ya ce in sa ta riƙa aika bayani ta intanet, shi ne na koma allon ESP32 mai Wi-Fi, na mayar da wayoyin yadda suke a Uno. Ya yi aiki na ɗan lokaci, daga nan ya fara zafi, yanzu ko kwamfuta ba ta ganinsa. Tun kafin ya mutu ma rilen ba ya sakewa, kullum a kunne. Na sayi wani ESP32 amma tsoron jonawa nake. Wani abokina ya ce rezista kawai zan sa, wani ya ce sai na sayi konbata mai sauya ƙarfin sigina. Wanne ne daidai? Allah Ya saka da alheri."
Daga wani ɗalibi a Zariya

Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. Amin, ƙanena, kai ma Allah Ya ba ka sa'ar kammalawa. Tsoron da ya hana ka jona allo na biyu ya yi maka rana, domin da ka mayar da wayoyin yadda suke, da wuya shi ma bai bi ɗan'uwansa ba.

Yadda na fahimci saƙonka, abu biyu kake son sani: me ya kashe ESP32 na farko, sannan da me ake haɗa kayan da ke aiki da 5V da masu aiki da 3.3V ba tare da wani ya cutu ba. Abokanka biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowannensu waya ɗaya ya duba. Rezista tana maganin wata waya a aikinka, konbata tana maganin wata, rilen kuma wani abu na uku yake bukata. Shi ya sa nake hana ɗalibai ɗaukar allo sukutum su ce wannan na 5V ne, wancan na 3.3V, a nemo abu guda a sa a tsakani. Waya-waya ake bi. A kan kowace waya ka san wa ke aikawa, wa ke karɓa, nawa mai karɓar yake bukata kafin ya gane an ce masa ɗaya, nawa zai iya jurewa kafin ya lalace, kuma da wane irin sauri saƙon ke tafiya.

## Yadda aisi ke gane ɗaya da sifili

A firogiram muna rubuta HIGH da LOW kamar babu komai a tsakaninsu. A kan waya kuwa ƙarfin wuta ne kawai, kuma kowane aisi (IC, ɗan ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) yana da iyakoki biyu da kamfaninsa ya rubuta a takardar bayanansa. Ƙasa da iyaka ta farko, sifili ne babu shakka. Sama da ta biyu, ɗaya ne babu shakka. Duk abin da ya faɗa tsakani, kamfani bai yi maka alkawarin komai ba. Da safe ya karanta ɗaya, da rana ta take ya karanta sifili.

Tsoffin aisi na dangin 7400 da ake kira TTL, waɗanda Texas Instruments ya yaɗa a shekarun 1960, su suka kafa 5V a matsayin ma'auni. A wajensu ƙasa da 0.8V sifili ne, sama da 2.0V ɗaya ne. Mai aikawa kuma ya ɗauki alkawarin ba zai fitar da ƙasa da 2.4V ba idan ɗaya yake nufi, ba zai wuce 0.4V ba idan sifili yake nufi. Ratar 0.4V da aka bari a kowane gefe an bar ta ne don hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. A dangin CMOS kuwa, irin da ake gina yawancin aisin yanzu da shi, iyakokin kaso ne na wutar da aka ba aisin. 74HC yana son kusan kashi 70 cikin 100, wato 3.5V idan a 5V yake. ATmega328P da ke kan Uno ɗinka yana son kashi 60, wato 3.0V. ESP32 yana son kashi 75 na 3.3V, kusan 2.5V, sifilinsa kuma ƙasa da kashi 25, kusan 0.8V.

Dalili biyu ne suka sauko da duniya daga 5V. Da ake ta ƙanƙanta transistocin cikin aisi, rufin da ke jikinsu ya yi siririn da ba zai ɗauki 5V ba. Sannan wutar da CMOS ke ci wajen sauyawa daga ɗaya zuwa sifili tana bin ƙarfin wutar ne an ninka shi da kansa: 5 sau 5 ya ba da 25, 3.3 sau 3.3 bai kai 11 ba, an rage fiye da rabi ke nan. Don haka ESP32, Raspberry Pi, katin SD da yawancin sabbin sensoshi duk a 3.3V suke magana, wasu ma a 1.8V.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne allon ESP32 yana da ƙafa mai rubutun 5V ko VIN, kuma ta USB ake ba shi wuta. Wannan 5V iyakarta wata 'yar regileta da ke kan allon, galibi AMS1117, wadda ke sauke ta zuwa 3.3V. Ƙafafun sigina ba da 5V aka gina su ba. Takardar Espressif ta ce kada abin da ke shiga cikinsu ya ɗara wutar aisin da fiye da 0.3V, wato 3.6V ce iyaka.

## Wanda nake zargi da kashe allon farko

Ban riƙe allonka a hannu ba, don haka zargi ne zan yi da abin da ka lissafa. A aikinka akwai hanyoyi uku da 5V ke bi ta isa ƙafafun ESP32: ƙafar Echo da sensa ke aiko da amsar awo ta cikinta, wayoyi biyu na LCD, da ƙafar IN ta rile. Mafi muni ita ce Echo, domin tana turo 5V cikakkiya, babu wata rezista da ke rage mata ƙarfi, kuma duk lokacin da aka auna ruwa sai ta yi haka.

A yawancin aisi na CMOS, kowace ƙafa tana da dayod a ciki wanda ke buɗewa idan wutar ƙafar ta ɗara wutar aisin da kusan rabin bolt, ya zubar da rarar cikin layin wuta. Kamar bututun ambaliya ne da ke saman tankin da kake aunawa: an sa shi don ranar da ruwa ya ɗan wuce, ba don a bar inji yana turawa ta cikinsa dare da rana ba. Tsarin kariyar ya bambanta daga aisi zuwa aisi, amma duk don bugu na ɗan lokaci aka yi su, irin tartsatsin da ke fita daga yatsan mutum lokacin hunturu idan iska ta bushe. Idan aka ɗora musu 5V kullum, ko dai kariyar ta ƙone, ko layin 3.3V gaba ɗaya ya tashi sama, domin regileta irin AMS1117 turawa kawai ta iya, ba ta iya shanye rara. Wani lokacin kuma aisin yakan sarƙe daga ciki, hanya ta buɗe kai tsaye daga wuta zuwa giraun (GND, layin sifili), ya yi ta zafi har sai an cire wuta. Nakan nuna wa ɗalibai wannan a ɗakin gwaji: allon 3.3V da ba a ba shi wuta ba sam, an haɗa giraun, an jona waya ɗaya daga Uno zuwa ƙafarsa. Sai ka ga 'yar fitilar wutar allon ta kama dishi-dishi, mita kuma tana nuna wuta a layin da ya kamata ya zama babu komai. Duk wutar nan ta ƙafar sigina ta shigo.

Za ka ji ana cewa ESP32 yana jure 5V, wane ya yi wata da watanni bai ƙone ba. Haka ne, wasu sun yi sun tsira. Amma ni ba na gina aikin da za a bari a gidan mutane a kan abin da kamfani bai rubuta ba. Akwai aisin da aka rubuta musu haka ƙarara, kamar STM32F103, inda wasu ƙafafun ke da alamar FT a takarda, ma'ana suna jure 5V, sauran kuma ba sa jurewa. ESP32 ba shi da wannan rubutun.

Kada ka jefar da mataccen allon tukuna. Sa mita a wurin da take ƙara idan wayoyi sun haɗe, ka taɓa ƙafar 3V3 da GND. In ta yi ƙara ba tsayawa, wani abu ya narke ya haɗe layin. Sannan ka tuna ko akwai lokacin da wayar 5V ta sensa ko ta LCD ta taɓa ƙafar 3V3, ko da kuskure ne a allon gwaji, domin wannan shi ke kisa nan take. Na kawo wannan ne saboda ka ce kwamfuta ba ta ganinsa. Aisin da ke magana da kwamfuta daban yake, CP2102 ko CH340, kuma idan ƙafa ɗaya ce kawai ta ESP32 ta lalace, kwamfuta takan ci gaba da ganin allon. Rashin ganinsa yana nuna ɓarnar ta kai layin wuta.

## Echo: nan rezista ke aiki

Saƙon Echo hanya ɗaya yake bi, daga sensa zuwa ESP32, kuma ba mai sauri ba ne: kowace santimita ɗaya ta nisa tana ba da kusan maikurosakan 58. Rezista biyu sun ishe ka. Sa 1k daga Echo zuwa ƙafar ESP32, sa 2k daga wannan ƙafar zuwa giraun. Ƙafar za ta ga kashi biyu cikin uku na 5V, wato 3.3V. In ba ka samu 2k ba, jera 1k guda biyu, ko ka sa 2.2k a sama 3.3k a ƙasa, ka samu 3.0V, wanda ya wuce 2.5V ɗin da ESP32 ke nema da rata mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rezista ɗaya tal a jere da waya. Wannan ba ta raba wuta, rage kwararta kawai take yi, kuma har yanzu kariyar cikin aisin ce ke ɗauke da nauyin.

Kada ka ce bari in sa manyan rezistoci don tsimin wuta ba tare da ka yi lissafi ba. Kowace waya da kowace ƙafa suna riƙe 'yar wuta kamar ƙaramar kafasita, kuma ta cikin rezistar ake cika ta. Da 10k da 20k, idan wayar tana da 20pF, sigina zai ɗauki kusan kashi uku cikin goma na maikurosakan kafin ya hau. Ga Echo wannan ba komai ba ne, haka ga tsarin aika saƙo na UART mai bit 115200 a sakan ɗaya, inda kowane bit ke ɗaukar kusan maikurosakan 8.7. Amma a SPI, tsarin da ake karanta katin SD da shi, mai gudun 8MHz, zagaye ɗaya gaba ɗayansa nanosakan 125 ne, sigina ba zai gama hawa ba an ce ya sauko. A nan ne katin SD ke ƙin karantuwa mutum ya yi ta zargin firogiram. Ga irin wannan saurin, aisi ake sawa: 74LVC245 ko 74LVC125 da aka ba shi 3.3V, domin ƙafafun shigarsa suna karɓar har 5.5V, ko 74HC4050. Ka kula da harufan tsakiya idan za ka saya. 74HC245 da 74LVC245 ƙafafunsu iri ɗaya ne, aikinsu iri ɗaya ne, amma idan ka ba na farkon 3.3V ka turo masa 5V, ka koma matsalar da ka gudo.

Ƙafar Trig ta sensa, wadda ke ba ta umarnin fara awo, kai tsaye za ka jona, domin ESP32 ne ke aikawa, kuma 3.3V na maikurosakan 10 yana tayar da HC-SR04. Tunda tanki a sama yake kuma wayar za ta yi tsawo, sa rezistocin kusa da ESP32. Kuma ka sani HC-SR04 ba ya daɗewa a cikin tururin tanki. In aikin zai wuce ranar kare furojet, nemi JSN-SR04T mai kan da ruwa ba ya shiga.

## Daga 3.3V zuwa 5V: babu ƙonewa, amma akwai rashin ji

Idan na 3.3V ne ke aikawa, babu abin da zai ƙone. Tambayar ita ce ko mai karɓa zai ji. Uno yana neman 3.0V, ESP32 yana ba shi kusan 3.3V idan babu nauyi a ƙafar, sai ya ji, amma da rata ƙarama. Idan cajar da ke ba Uno wuta ta kai 5.25V, iyakar ta koma 3.15V. 74HC mai neman 3.5V kuwa, a takarda 3.3V bai ishe shi ba ko kaɗan, ko da kana ganin yana aiki a tebur.

Wani mai haɗa allunan talla na shaguna ya taɓa kawo mini igiyar fitilu WS2812B da yake sarrafawa da ESP32. A gidansa launuka suna tafiya lafiya, da ya kafa a shagon mai aiki sai fitilun suka riƙa ƙyafta launin da ba a ce musu ba. Ya canza igiya, ya canza allo, bai daina ba. Da muka sa mita, sai ga shi a gida da wata tsohuwar caja yake gwaji, wadda ke faɗuwa ƙasa da 5V idan fitilu suka kama. A shago kuwa sabuwar adafta ya sa mai ba da 5.2V daram. WS2812B kashi 70 na wutarsa yake nema, wato da sabuwar adaftar iyakar ta haura 3.6V, ESP32 kuma ba shi da abin da ya wuce 3.3V. Adafta mai kyau ce ta tona matsalar da mai rauni ta rufe. Maganin aisi ɗaya ne, 74AHCT125, aka ba shi 5V. Harafin T ɗin nan yana nufin ƙafafun shigarsa suna bin tsohon ma'aunin TTL, 2.0V ta ishe su, sannan ya fitar da 5V cikakkiya da sauri. Duk inda kake son ɗaga sigina mai hanya ɗaya, 74HCT ko 74AHCT shi ne abin da nake fara ɗaukowa.

## LCD: nan konbata ke aiki

LCD mai waya huɗu yana da ɗan allo manne a bayansa mai aisi PCF8574, kuma da tsarin I2C yake magana, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982. A wannan tsarin babu wanda ke tura waya sama. Kowa ja ƙasa kawai yake yi idan zai ce sifili, in ya saki, wata rezista ta mayar da wayar sama. Waɗannan rezistocin ja-sama suna kan ɗan allon bayan LCD, kuma da 5V aka ɗaure su. Ba LCD wuta shi kaɗai, ka auna wayoyin maganarsa biyu, SDA da SCL, za ka ga 5V zaune a kansu. Ita ce ke shiga ƙafafu 21 da 22 na ESP32 duk tsawon lokacin da na'urar ke kunne. Da yake ta cikin rezista take zuwa, ba ta kai Echo haɗari ba, amma ta wuce iyaka.

Raba wuta da rezista biyu ba zai yi a nan ba, aisi mai hanya ɗaya ma ba zai yi ba, domin a kan SDA ɓangarorin biyu ne ke magana: ESP32 ya aika, PCF8574 ya ja wayar ƙasa don ya amsa cewa ya ji. Abin da ya dace shi ne ɗan ƙaramin allon nan mai layi huɗu da ake sayarwa, mai rubutun HV a gefe ɗaya da LV a ɗaya gefen. Kowane layi yana da mosfet BSS138 guda, wato wata transista mai ƙafa uku (get, sos da diren), da rezistar 10k a kowane gefe. Dabarar tsohuwa ce, Philips ne ya wallafa ta a 1997, kuma ya kamata ka iya bayaninta ranar kare aiki. An ɗaure get ɗin mosfet da 3.3V, sos yana gefen ƙasa, diren yana gefen sama. Idan babu mai magana, mosfet a rufe yake, kowane gefe rezistarsa ta ja shi zuwa wutarsa: nan 3.3V, can 5V. Idan ESP32 ya ja nasa gefen zuwa sifili, bambancin get da sos ya zama 3.3V, mosfet ya buɗe, gefen 5V ya biyo shi ƙasa. Idan kuma gefen 5V ne ya ja ƙasa, dayod ɗin da ke cikin jikin mosfet shi ke fara janyo sos ƙasa, har bambancin ya isa ya buɗe mosfet ɗin gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya masa daga ina saƙo ke zuwa, da kansa yake bi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a jona layukan sigina a manta ƙafafun wuta. HV sai an kai ta 5V, LV sai an kai ta ƙafar 3V3 ta ESP32, giraun kuma a haɗe. Idan kuma za ka haɗa da hannunka, kada mai shago ya ba ka 2N7000 ya ce duk ɗaya ne. Takardarsa ta yarda ya kai 3V kafin ya fara buɗewa, BSS138 kuwa 1.5V ne iyakarsa.

Wasu sukan cire rezistocin bayan LCD su ja wayoyin zuwa 3.3V. ESP32 ya tsira da haka, amma PCF8574 a 5V yana neman 3.5V, ka koma zaman sa'a. In kuma ka ba LCD ɗin 3.3V gaba ɗaya, rubutu zai dushe har da ƙyar a gani. Ra'ayina, in malaminka bai dage a kan LCD ba, ɗauki ƙaramin allon OLED mai SSD1306, wanda ke aiki a 3.3V kai tsaye, ka huta da konbata.

Wannan konbatar ta BSS138 ba ta kowane aiki ba ce. Hawan sigina a cikinta ta rezistar 10k yake bi, don haka ta dace da I2C a 100kHz ko 400kHz, amma tana kasawa a SPI mai sauri da fitilun WS2812B. Kuma da yake tana jan layi sama tun lokacin kunnawa, kada ka ɗora ta a ƙafa ta 12 ta ESP32: idan wannan ƙafar tana sama lokacin tashi, aisin yakan zaɓi 1.8V don ma'ajiyarsa, allon ya ƙi tashi. Za ka kuma ga allunan TXS0108E da TXB0108 masu layi takwas. TXS yana tafiya da I2C, TXB ba ya jituwa da rezistocin ja-sama, kuma dukansu ba sa son doguwar waya. Ga aikinka ba ka bukatarsu.

## Rilen da ya ƙi sakewa

Yadda ka kwatanta shi, rilenka irin wanda sifili ke kunnawa ne, mai transistar PNP. Ƙafafunta uku su ne emita, bes da kolekta. Emitarta tana kan 5V, kuma tana rufewa ne kawai idan bes ya hau kusa da 5V ɗin. Uno yana iya kai shi can. ESP32 kuwa ko ya ce ɗaya, 3.3V ce, saura 1.7V tsakanin emita da ƙafar IN, alhali 0.7V ta isa ta buɗe transistar. A wajen rilen, ɗaya da sifilin ESP32 duk umarnin kunnawa ne. Juya allon rilen ka duba 'yar baƙar transista mai ƙafa uku: in an rubuta 2TY, S8550 ce, PNP, zargina ya tabbata. In J3Y ce, S8050 ce, NPN, sai a nemi matsalar a wani wuri.

Maganin transistar NPN ɗaya ce, BC547 ko 2N2222. Ƙafar ESP32 ta bi ta rezistar 4.7k zuwa bes, emita zuwa giraun, kolekta zuwa IN, sannan 10k daga IN zuwa 5V don ya saki sosai. Ƙara wata rezista babba, kamar 100k, daga bes zuwa giraun, don kada inji ya tashi a daidai lokacin da ESP32 ke farkawa ƙafafunsa ba su tsaya ba. Da wannan haɗin umarnin ya juya, HIGH ne zai kunna, sai ka gyara a firogiram. In allon rilenka mai oftokofla ne, wato aisin da ke miƙa sigina ta haske, da ƙafa mai rubutun JD-VCC, cire 'yar hular da ta haɗa ta da VCC, ka kai JD-VCC zuwa 5V, VCC zuwa 3.3V. Ko ta wane hali koyil ɗin rile, mai cin kusan 70mA, daga layin 5V zai sha wuta, ba daga ƙafar 3V3 ba.

A nan shawarata ta tsaya. Ɓangaren da ke riƙe da wutar gida da injin tura ruwa wani fanni ne mai kisa. Injin yana fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, ƙaramin rile shuɗi bai kamata ya ɗauke shi kai tsaye ba ko da an rubuta 10A a jikinsa. Rilen ya kunna kontakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai yawa, kontakta ta kunna inji, kuma mai aikin wuta da ya san aikinsa ya haɗa maka wannan ɓangaren.

## Giraun, da abin da za ka tarar nan gaba

Duk lambobin da na ambata, daga giraun ake auna su. In sensa tana da adaftarta, ESP32 yana da tasa, ba a haɗa giraun ɗinsu ba, 3.3V ɗin wannan ba ta da ma'ana a wajen wancan. Inda ake raba giraun da gangan shi ne inda aka sa oftokofla irin PC817, kuma shi nake ba da shawara duk lokacin da sigina ke zuwa daga 12V ko 24V, ko daga waya mai tsawo da ta ratsa kusa da inji. In wata rana ka so karanta bayanin inbatar sola ta ramin RS-232, kada ka kai wayar ƙafar ESP32: wannan tsarin yana amfani da wutar da ke sauka ƙasa da sifili, daga 3V zuwa 15V kowane gefe, kuma a juye, MAX3232 ake sawa a tsakani. In kuma babu Wi-Fi a wurin tankin ka koma SIM800L mai amfani da layin waya, shi 3.4V zuwa 4.4V yake sha, yana fizgar har 2A lokacin aikawa, ƙafafun maganarsa kuma a 2.8V suke.

Kafin sabon allon ya taɓa komai, haɗa sauran kayan ba tare da shi ba. Ari 3.3V daga Uno ka ba ƙafar LV, ka kunna 5V, sannan ka bi duk wayar da za ta shiga ESP32 ɗaya bayan ɗaya da mita. Kada ko ɗaya ta wuce 3.6V. Echo a zaune sifili take nunawa, don haka cire kan rezistar 1k daga sensa ka taɓa shi da 5V, ka tabbatar mahaɗar rezistocin tana nuna kusan 3.3V. Taɓa rezistar bes ta BC547 da 3.3V ka ji rile ya yi ƙas, ka saki ka ji ya sake. Daga nan sai ka sa ESP32, ka fara da sensa ita kaɗai, in ta yi ka ƙara LCD, rile a ƙarshe, kana taɓa aisin da yatsa a kowane mataki ko ya fara ɗumi fiye da yadda ya saba. Mita wutar da ke zaune kawai take nuna maka. In bayan duk wannan LCD yana rubuta shirme jefi-jefi, rage tsawon wayoyin SDA da SCL, ka roƙi masu kula da ɗakin gwajin sashenku su ba ka osiloskof ka ga yadda siginar ke hawa.